Kiɗan da ke Wutsiyar Kaset: Ta'aziyyar Malam Dalhatu na Unguwar Tudu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata sha huɗu ga watan Safar 1427, wato 14 ga Maris 2006, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Dalhatu Mai Kaset a gidansa da ke Unguwar Tudu, Gwarzo, bayan jinyar wata biyu. Ina ƙofar gidana a Dugabau ina gyaran darni Jibirin direba ya tsayar da mota, bai ko kashe ta ba, ya leƙo ya ce, "Haladu, taubashinka ya riga mu." An yi masa sutura bayan Azahar. Na samu sallah a sahu na huɗu, ina haki.

Ni ba marubuci ba ne. A aji huɗu na firamare hedimasta ya kira ni ya ce in je gida in huta, kuma har yau hutun nake yi. Duk inda aka ga rubutun nan ya gurgunce, laifina ne, kada a ɗora wa mamaci. Amma akwai maganar da ta tokare mini maƙogwaro shekara biyar da 'yan watanni, kuma in ban faɗe ta yanzu ba, ban san ranar faɗinta ba.

Dalhatu, uwarka ƙanwar ubana ce. Shekara hamsin muna zagin juna ba wanda ya yi fushi. Kana ce mini Injiniya saboda na taɓa canza fis ɗin fitila ban mutu ba, ina ce maka Gwamna saboda hular da ba ka cirewa ko a gona. Ranar jana'izarka na kira ka Gwamna a bakin kabari a zuciyata, na jira amsa, shiru.

Mutanen Gwarzo sun san ka da rumfar kaset, amma ba kowa ya san yadda ta faro ba. A masaƙa kake aiki a Kano har lokacin ostariti ya zo, shekarun tsuke bakin aljihu, aka sallame ku rututu. Wasu suka dawo gida da keke, wasu da katifa. Kai ka dawo da rikoda mai baki biyu a naɗe cikin bargo, kamar jariri. Na yi maka dariya a tasha, na ce an kore ka daga aiki ka sayo abin da zai taya ka kuka. Da rikodar nan ka ciyar da gida shekara sha bakwai. Kana ɗora karatu da tafsiri da wa'azi a kaset, kana rubuta sunan kowanne da jan biro a takarda ka manna. In kaset ya tsinke, ka buɗe shi da wuƙar aljihu, ka haɗa bakin da jan farce, ka juya da biro, ka miƙa wa mai shi ka ce ya tafi.

Abin da ba zan manta ba shi ne tsofaffin mata masu 'ya'ya a kudu. Ba su iya wasiƙa ba, sai su zo rumfarka su aika murya. Kana danna musu jan maɓalli, sai ka miƙe ka ce za ka je sayen goro. Ni da na san ba ka cin goro, na daɗe ina zargin akwai wata bazawara a layin 'yan goro. Har na bi ka rannan a ɓoye. Na tarar da kai a tsaye a bayan rumfar mai gishiri, kana kallon sama. Ashe fita kake yi don tsohuwa ta yi kukanta ba mai kallo. Ni kuwa ladana a wajenka shi ne ka naɗi minsharina ranar da barci ya kwashe ni a kan bencinka, ka riƙa kunna wa 'yan kasuwa kana cewa sabon injin niƙa ne aka kawo Kabo. Na yafe, ko da yake ba ka nema ba.

To, sai azumin shekarar dubu biyu, shekarar da aka fara aiki da Shari'a. Wanda ya ga lokacin ya san yadda gari ya kasance. Kowa na murna, kowa kuma na duban maƙwabcinsa ta wutsiyar ido. Mai rediyo ya rage murya, mai kalangu ya rataye shi a bayan ƙyaure. A Dugabau samari suka kafa kwamiti, shugabansu Malam Lukuman, yaro mai karatu da tsoron Allah, sai dai a lokacin yana da zafi kamar garwashin ƙirya. Ni kuma, saboda sunan Injiniya da ka laƙaba mini, aka damƙa mini lasifikar masallaci da batirin mota da ke ba ta wuta. Kullum bayan La'asar sai in sa kaset ɗin tafsiri, in kara makirfo a bakin rikoda, don matan da ke aikin buɗa-baki a cikin gidaje su ji.

Ran sha ɗaya ga azumi na sa wani sabon kaset da na sayo a rumfarka. Malamin birni ya fara jan baƙi, ni kuma na jingina da bangon masallaci don in saurara da kyau. Na saurara da kyau har na yi mafarki.

Abin da ya tashe ni ban taɓa jin irinsa ba. Wani rugugi ne mai kauri daga ƙasa, kamar shanu goma sun yi kuka tare amma cikin ladabi, sannan wata siririyar murya irin ta sarewa ta hau kansa, tana hawa tana sauka, wata ta biyo ta, wata ta biyo wannan. Ba ganga, ba mawaƙi. Kuma daga saman masallacinmu yake fita, yana ratsa gari har bakin fadama. Na zabura da takalmi ɗaya na fizge wayar batir. Kafin in juyo, farfajiya ta cika.

Nan aka shiga canke. Wani ya ce batir ne ya yi sanyi ya ja muryar malam. Aka ce masa batir ba ya tsara kiɗa. Wani ya ce na fim ɗin Indiya ne, aka tambaye shi ina ya san na Indiya, ya sulale ya koma bayan mutane. Wata tsohuwa ta leƙo ta kan katanga ta ce wannan na mutanen ɓoye ne, a yi hayaƙi. Sai Malam Lukuman ya ratso, fuskarsa ba annuri, ya ce ya taɓa wucewa ta Sabon Gari ranar Lahadi, kuma abin da ya ji yana fitowa daga wani gini ya yi kama da wannan. Ya ce, "Kiɗan coci ne. A masallacinmu. Cikin azumi." Ya juyo ya dube ni. "Baba Haladu, wa ya taɓa kaset ɗin nan ban da kai?"

Dalhatu, ga abin da na yi, kuma zan rubuta shi yadda yake. Na ga idanu sun fi ɗari a kaina. Sai na ji bakina ya ce, "Ai kwana biyu ya yi a ɗakin Badi'a."

Badi'a 'yata ce ta fari. A lokacin tana shekara ta biyu a makarantar koyon aikin lafiya a Kano, ta zo hutu. Ita ce mace ta farko a zuriyarmu da ta wuce sakandare. Tana da 'yar rikoda ta batir, kuma gaskiya ne ta ɗauki kaset ɗin don ta saurari tafsirin. Amma mutanen gari sun tuna cewa da damina ta taɓa zuwa da wata ƙawarta Kirista, wadda ta kwana biyu a gidanmu ta ci tuwo da mu. Ina rufe baki aka haɗa wannan da wancan. Idanun suka sauka daga kaina, suka nufi ƙofar gidana. Na ji sauƙi, Allah ya yafe mini, na ji sauƙi kamar an sauke mini buhu.

Kafin a sha ruwa labari ya yi ƙafa. An ce ta ɓoye waƙar a bayan tafsiri don kada a gane. An ce an ga sarƙa mai gicciye a wuyanta. An ce dama karatun 'ya mace a birni ƙarshensa ke nan. Abin kunyar shi ne ni da na ƙirƙiro zancen don in tsira, kafin gari ya waye na fara yarda da shi. Na shiga tuna yadda take shiru kwanan nan, yadda take rufe littafi in na shigo. Ta ce mini, "Baba, wallahi ban kai ƙarshen kaset ɗin ba ma." Na ce mai laifi dama rantsuwa ce a bakinsa. Na ɗauke akwatinta na kulle a ɗakina, na ce makaranta ta ƙare, bayan Sallah ba inda za ta. Uwarta Sa'a ta ce, "Malam, ka tsaya ka yi tunani." Na ce na gama tunani. Ta ce, "Yaushe ka fara?"

Kwamiti ya kulle kaset ɗin a akwatin masallaci, aka ce ranar Juma'a za a ƙone shi a gaban jama'a, a kuma yi wa yarinya nasiha a fili.

Kwana biyu bayan nan sai ga ka a kan tsohon babur ɗinka, hula a karkace. Ba ka zage ni ba, a nan na san akwai magana. Ka ce a kira Malam Lukuman ya zo da kaset. A zauren gidana ka kunna shi a rikodarka, ka wuce tafsirin, ka saurari wurin da malam ya yi addu'ar rufewa kiɗan ya ɓullo. Ka mayar, ka sake ji. Sau uku. Malam Lukuman ya toshe kunnuwa da yatsu. Ka ce masa, "Malam, kai ne shaida. Alƙali zai karɓi shaidar wanda ya toshe kunne?" Ya sauke hannu a hankali.

Ka ce, "Kun ji ta tsakiya ya faro? Ba farkonsa ba ne. Kuma rikodar Badi'a daga iska take ɗauka. Da ita ta naɗa, da kun ji kaji, da kun ji turmi, da kun ji muryar Haladu, tunda ba ya shiru." Ka juya kaset ɗin a hannunka kana duban kusoshinsa. Sannan ka ce kada a ƙone abin da ba a san mene ne ba, kuma ka san wanda zai iya sani.

Ni a raina na ce, taubashi ya zo rufa wa 'yarsa asiri. Malam Lukuman ma abin da ya zarga ke nan, don haka ya ce ƙafarsa ƙafarmu, kuma kaset a aljihunsa zai zauna.

Washegari da safe muka kama hanya, mu uku a babur ɗaya, ni a tsakiya kamar ƙosai a cikin burodi. Can bayan Garo akwai wani ɗan ƙauye na Hausawa Kirista, a nan Baba Iliya yake. Tsoho ne da ya haura tamanin, ya yi wa wani likita Bature kuku shekaru da yawa a Jos tun yana saurayi. Kai ka san shi domin yana kawo maka rediyonsa gyara. Muka same shi a gindin mangwaro yana ɓarar gyaɗa. Aka gaisa, aka tambayi iyali da sanyi da amfanin gona. Ya ƙwala wa jikarsa kira ta kawo ruwa, sai ya dafe kai ya ce, "Af, ku gafarce ni, na manta kuna da baki." Malam Lukuman ya zauna a can bakin tabarma, rabin jikinsa a ƙasa. Ni kuma ina ta leƙen cikin gidan ko zan ga wata alama ta cewa Badi'a ta taɓa zuwa. Ban san irin alamar da nake nema ba.

Ka kunna. Tsohon ya daina ɓarar gyaɗa. Ya rufe ido har kiɗan ya ƙare, kaset ya yi ƙas. Ya ce a sake.

Da aka gama na biyu ya ce, "Namu ne. Na ibada ne, ba na rawa ba." Malam Lukuman ya gyaɗa kai yana dubana. Sai tsohon ya ci gaba. "Amma ba na ƙasar nan ba ne. Mu a nan ganga ce da caki, sai tafi. Wannan ogan ake ce masa. Ba ƙaramin da ake takawa da ƙafa ba, babban. Girmansa ya fi ɗakin can, bututu ne jere kamar an kafa gora, iska ake hura musu. Ku ji yadda ƙarar take daɗewa kafin ta mutu. Ginin dutse ne mai tsawo ke yin haka. Maigidana yana da faifansa, ran Lahadi yake sawa, ni ina kicin ina jiyowa ta taga."

Ka tambaye shi sunan kiɗan. Ya ce kowanne da sunansa da wanda ya tsara shi, wasu sun shekara ɗari biyu a ƙasa, amma shi albasa yake yankawa a lokacin, ba a gaya masa ba. Na ce, to na mene ne? Ya ce, "Ko na shigo da amarya ne, ko na fita da gawa. Nasu duk kusan tafiyarsu ɗaya." Malam Lukuman ya ce wannan bai wanke kowa ba, yarinya tana iya samowa a birni.

A nan ne ka ce a ba ka ruwan ɗumi a murfin kwano. Ka jiƙa takardar da ka manna da hannunka, mai jan biro, ka ɗaye ta a hankali da farce. A ƙarƙashinta akwai ragowar wata tsohuwar takarda da aka kankare, saura gefe ɗaya. Akwai 'yan haruffa da shuɗin tawada, wasu da ɗigo biyu a kansu, sai lamba: 1978. Baba Iliya ya sa tabarau ya duba ya ce wannan ba Turancin Ingila ba ne. Ka dube ni ka ce, "Injiniya, wace shekara aka haifi Badi'a?" Na ce alif ɗari tara da tamanin. Ka ce, "To ta yi ƙoƙari."

Sannan ka faɗi abin da ko Hauwa matarka ba ta sani ba. Tun lokacin ostariti sabon kaset ya fi ƙarfin mutanen ƙauye. In ka sayo sabo, tsohuwa ba za ta iya sayen tafsiri ba. Sai ka gano masu wanke motocin gwanjo da ake shigowa da su daga Turai, suna tara kaset-kaset ɗin da suka tsinta a aljihun mota, su sayar da buhu. Kana kankare takardunsu, ka toshe ramukan sama da salatef, ka wanke su tas a rikoda daga farko har ƙarshe, sannan ka ɗora karatu. Ranar da kake wanke wannan aka ɗauke wuta saura kaɗan, ka ɗauka ya gama. Tafsirin minti arba'in ne, fuskar kaset arba'in da biyar.

Malam Lukuman ya ce, "Wato duk kaset ɗin da ke gidajenmu?"

Ka ce, "Duka. Har wanda ka hardace Baƙara da shi."

A hanyar dawowa na raɗa maka ta bayan kunne cewa mu ce daga kamfani kaset ya zo da aibu, ba sai an tona buhu ba. Ka ce, "Da azumi a bakinka, Haladu? Kuma wa zai yarda? Rabin magana ba za ta wanke yarinyar nan ba, sai dai ta bar mata tabo."

Ranar Juma'a bayan an sallame ka miƙe a gaban jama'ar garin da ba naka ba. Ka zo da buhun gaba ɗaya, ka zazzage shi a farfajiya, kaset-kaset masu rubutun da ba mai iya karantawa, wasu da hotunan da sai da aka kife su. Ka ce kuskuren naka ne kai kaɗai, yarinya ba ta san komai ba, kuma duk wanda ya faɗi wata magana a kanta ya san inda zai kai tubansa. Malam Lukuman, Allah ya saka masa, ya miƙe ya ce ya gani da idonsa, kuma shi ne farkon mai janye maganarsa. Liman ya ce kaset kamar allo ne, in an wanke an yi sabon rubutu, hukunci na sabon ne.

Liman ya faɗa, amma zuciyar mutane ba ta bi ba. Makon nan duk gidan da ka shiga a Kabo da Gwarzo za ka ji ana tura kaset zuwa ƙarshe ana kasa kunne. Wasu suka kawo maka nasu a kwando suka zube a gaban rumfa. Wasu suka daina amsa maka sallama da baki, sai da ka. Aka ce shekara sha bakwai kana ɗora Alƙur'ani a kan waƙar mashaya. Rumfar da ake layi ta koma wurin da akuya ke fakewa rana. Ka koma gyaran rediyo da tocila, kuma da wannan ka ƙarasa rayuwarka. Ban taɓa jin ka ambaci abin da ka rasa ba.

Ni kuwa na fito da akwatin Badi'a na ajiye a ƙofar ɗakinta. Bayan Sallah ta koma makaranta. Kuma zan ƙara faɗin wata gaskiyar: ko bayan duk wannan, zargi bai bar ni ba. Na riƙa cewa a raina, anya ba Dalhatu ne ya rubuta lambar nan ba? Alhali kaset a kulle yake a masallaci. Anya ba su haɗa baki da tsohon ba? Na fi wata shida ina auna wannan. Yanzu na gane dalili. In kai ka yi gaskiya, to ni ne mutumin da ya jefa 'yarsa don ya tsira, kuma zargin ka ya fi mini sauƙin haɗiya.

Wani abin da ya ƙara mini zargi shi ne ba ka yar da kaset ɗin ba. Ka karɓe shi daga kwamiti ka ajiye a cikin gwangwanin alawa. Duk baƙon da ya zo Gwarzo mai alamar ya ga duniya sai ka tare shi. Ka kunna wa masu bautar ƙasa da aka turo makarantar sakandare, ɗaya ya ce ya san irinsa amma ba wannan ba. Ka kunna wa wani likita da ya yi karatu a waje, ya ce shi can ɗin karatu ya kai shi. Ka kwafi haruffan da suka rage a takarda ka ba direban tirela ya kai Legas, takardar ba ta dawo ba. Na ce maka, "Gwamna, faɗi gaskiya, kiɗan nan ya shige ka." Ka ce, "Abin da ya kusa raba yarinya da karatunta, ya raba ni da rumfata, ai ya kamata in san sunansa. Kuma da hannuna na kankare sunan, da wuƙar nan." Ka rasu ba ka sani ba. Mu ma ba mu sani ba.

Zuwana na ƙarshe dubiya, ka rame har hular ta yi maka yawa. Badi'a ce ke zuwa daga asibitin da take aiki tana yi maka allura, domin ta gama karatunta shekara uku da suka wuce. Da ta fita wanke hannu ka jawo rigata ka ce, "Ka taɓa ba yarinyar nan haƙuri?" Na ce ai uba ba ya durƙusa wa 'yarsa, gwiwata ma ciwo take. Ka ce, "Kai komai wasa." Ka juya fuska bango. Maganarmu ta ƙarshe ke nan, kuma da wasa na rufe ta.

Ranar sadakar uku, bayan mutane sun ragu, na tarar da ita a tsakar gidanka tana taya Hauwa wanke kwanuka. Shekara biyar tana gaishe ni a durƙushe, tana aiko mini da shadda da Sallah, amma ba ta taɓa zama ta yi hira da ni ba. Na tsaya a kanta na rasa ta inda zan faro. Na ce, "Badi'a, maganar kaset ɗin nan. Ni na ambaci sunanki a masallaci. Tsoro na ji. Ki yafe mini."

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da cuɗa kwanon da ke hannunta. Can ta ce, "Baba, in da Bappa Dalhatu bai zo ba, da ka bar ni na koma makaranta?"

Amsoshi uku suka zo mini baki, dukkansu na ban dariya, kuma na san kowanne zai fitar da ni. Na haɗiye su. Na ce, "A'a. Da ban bar ki ba."

Ta ajiye kwanon. Ta ce, "Na sani. So nake in ji ko za ka mayar da shi wasa." Ta share ido da bayan hannu, kumfa ya taɓa mata goshi. Ta ce, "Na yafe, Baba." Sannan ta jawo wata 'yar kujera da ƙafa ta tura mini. Na zauna. Muka yi hira har aka kira La'asar, ta ba ni labarin haihuwar farko da ta karɓa da hannunta, wadda ban taɓa tambayarta ba.

Ya Allah, ga bawanka Dalhatu ya zo gare ka. Ka san ya tona asirin kansa don ya rufa na wata, ka rufa masa nasa ranar da asirai za su tonu. Ka gafarta masa kurakuransa, wanda ya sani da wanda bai sani ba. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sanya duk harafin karatun da ya shiga kunnen wani ta hannunsa a mizaninsa. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa Hauwa, da 'ya'yansa Ja'afaru da Muhammad Nur da Naja'atu, da 'yan'uwa na Unguwar Tudu da na Dugabau, da 'yan kasuwar Gwarzo, waɗanda suka tsaya da shi da waɗanda suka juya baya sannan suka zo jana'iza. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya raya abin da ya bari, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo. Amin.

Haladu, Dugabau